Wa Zai Zauna, Wa Zai Tsaya? Ladabin Shiga Mota a Ƙasar Tailan

Can gabas mai nisa, bayan an wuce Indiya da Bama, akwai wata ƙasa da ake kira Tailan. Da sunanta Siyam, sai a shekarar 1939 aka fara kiranta da sunan da muka sani yanzu. Ƙasa ce mai yawan ruwan sama da gonakin shinkafa, watakila ma waɗansunku sun taɓa cin shinkafarta ba su sani ba. Babban birninta shi ne Bankok, yana bakin wani babban kogi mai suna Cawo Faraya.

Mutanen Bankok miliyoyi ne, kuma kowace safiya sai sun fita neman abinci ko neman ilmi. Waɗansu su shiga bas, waɗansu su shiga jiragen ruwa da ke kai da kawowa cikin kogin. Akwai kuma jirgin ƙasa mai tafiya bisa gada, sama da kan tituna, wanda aka buɗe a 1999, da wani mai bi ta ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 2004. Duk da haka kujeru ba su isar jama'a. To, in kujera ɗaya ce, mutum goma suna tsaye, wa zai zauna?

Mutanen Tailan sun daɗe da ba da amsar wannan tambaya, har sun zana ta a jikin jiragensu. In ka shiga za ka ga waɗansu kujeru da hotuna a bisansu: ga tsoho da sanda, ga mace mai ciki, ga mai naƙasa, ga yaro ƙarami, ga kuma wani mutum ya yafa mayafi. Kowa yana iya zama a kan waɗannan kujeru in babu mai bukata, amma da ɗaya daga cikin mutanen nan ya shigo, sai a tashi a ba shi.

Mai mayafin nan shi ne zai fi ba ku mamaki. Yawancin mutanen ƙasar mabiya addinin Buda ne, ko da yake akwai Musulmi da yawa, musamman a kudu. A cikin mabiya Buda akwai masu zuhudu, watau waɗanda suka bar harkar duniya suka koma zaman ibada. Suna aske kansu ƙwal, suna yafa mayafi ruwan goro, kuma suna da dokoki 227 da suke kiyayewa. Ba su taɓa jikin mace, mace kuma ba ta taɓa su. Saboda haka in mai zuhudu ya shigo mota, tashi a ba shi wuri bai wadatar ba, sai an duba wanda ke kusa da wurin. In mace ce, sai wani namiji ya miƙe su yi musayar kujera, shi ya koma gefen mai zuhudun. Ana yin wannan shiru, ba gardama, ba wanda ya ga an wulaƙanta shi.

Na biyu kuwa shi ne yaro. Mun saba ji yaro ke tashi wa babba, kuma a Tailan ma haka ne in yaron ya tasa. Amma in ƙarami ne, babba ke tashi masa, ko da magidanci ne mai furfura. Dalili a fili yake. Hannun yaro ba ya kai wa ƙarfen da ake riƙewa, in direba ya taka birki sai ya kife. Da an ba shi wuri, uwarsa takan ce ya gode. Sai ya haɗa tafin hannuwansa biyu a gaban ƙirjinsa, ya sunkuyar da kai. Wannan ita ce gaisuwarsu, suna ce mata wai, kuma ƙarami ne ke fara yi wa babba. Yaron nan da aka tashi masa yana shekara biyar, shi ne zai tashi wa tsohuwa ran da ya kai goma sha biyu.

Suna da kalmomi biyu da ya kamata ku riƙe. Ta farko nam cai, ma'anarta ruwan zuciya, watau alherin da mutum ke yi ba a roƙe shi ba. Wanda ya sami kujera yakan dubi na tsaye mai ɗauke da kaya, ya miƙa hannu ya karɓa, ya ɗora bisa cinyarsa har mai kayan ya zo sauka, alhali bai san shi ba. Ta biyu kireng cai, wadda ta yi kusa da abin da muke kira kara, watau ƙin ɗora wa wani nauyi. Ita ce ke sa tsohuwa, in an tashi mata, ta fara cewa ba kome, ta kusa sauka. Yaro mai hankali ba ya komawa ya zauna don ya ji haka. Yakan matsa gefe ya bar kujerar, ya kira ta kaka ko gwaggo, gama su ma da sunan dangi suke kiran baƙo, har ta ga ba laifi ta zauna.

Har zaman kansa yana da ladabi. A wurinsu kai ne mafi daraja a jikin mutum, ƙafa ce mafi ƙasƙanci. Don haka ba a ɗora ƙafa bisa kujera, ba a miƙe ta wajen wani, ba a kuma dafa kan mutum. Mai gittawa ta gaban babba yakan ɗan rusuna.

Kada ku zaci kowa a Tailan haka yake. Can ma akwai saurayin da zai kafa ido a kan wayarsa, ko ya rufe ido ya yi barcin ƙarya, tsoho na tsaye a kansa. Da wuya kuwa wani ya yi masa magana, domin mutanen ƙasar ba su son ɗaga murya a cikin jama'a. A ganina nan ne karar ta yi yawa, gama mai ƙaramin ciki ko marar lafiya sai ya yi ta tsayuwa, kunya ta hana shi roƙo. Ga shi kuma tsofaffi sai ƙaruwa suke yi, har wajen mutum ɗaya cikin biyar a ƙasar ya kai shekara 60. Shi ya sa a cikin jiragen ake yawan tunatar da fasinja da lasifika.

A garuruwan da ke nesa da Bankok akwai wata mota ƙirar a-kori-kura, an yi mata rumfa da benci biyu suna duban juna. Sunanta songtewo, watau layi biyu. Ba hoto a jikinta, ba lasifika. In ta cika, sai samari su sauko daga benci su bar wa mata da tsofaffi, su koma su tsaya bisa matakin baya, su riƙe ƙarfe har a kai kasuwa.