Darasi: Gawayin ƙasa a murhun gida

Ƴan'uwa manoma da matan gida, duk wanda ya ga amalanken icce suna shigowa Maraɗi daga kudu ya san cewa dajin Baban Rafi ne yake ƙarewa a murhunmu. Shi ya sa ake maganar gawayin ƙasa.

Wannan gawayi haƙo shi ake yi. Kamfanin SONICHAR yana haƙarsa a Anu Araren, jihar Agadas, kuma tun 1981 yake samar da lantarki da shi. Ɗanyensa yana da hayaƙi mai wari, mai sa tari. Saboda haka ake gasa shi a rufaffen tanderu, kwalta da yawancin hayaƙin su fita, kafin ya isa kasuwa.

Babban amfaninsa shi ne a ƙasarmu yake. A 2023, da Nijeriya ta yanke mana lantarki, mun ga wahalar dogaro da waje.

Amma a kula: gasawa rage dauɗa take yi, ba ta kawar da ita. Ko gasasshen yana fitar da iskar da ke ɗumama duniya, mai rikita damina, kuma manomin Tibiri ya san illar wannan. Ni a ganina, gada ce kawai kafin hasken rana ya wadata.

A yi girki da shi a fili. Kada a shigar da garwashinsa ɗaki lokacin ɗari, domin yana fitar da iska mai guba marar wari, mai kisa cikin barci. Tokarsa kuma ba irin ta icce ba ce: kada a yi ruwan toka da ita, kada masu lambun Jiratawa su zuba ta a fangali.