Ƙaramar Hukuma da Kare Muhalli a Bakin Teku: Misalin Eti-Osa ta Jihar Legas

A wannan ɗan nazari za a dubi yadda aikin kare muhalli ya kasu tsakanin ƙaramar hukuma da gwamnatin jiha a wurin da ƙasa ta haɗu da teku. An ɗauki Eti-Osa a Ikko, watau ƙaramar hukumar da ta ƙunshi Ikoyi da Victoria Island da wani sashe na Lekki, domin ruwa ya sa ta a tsakiya: Tekun Atlantika ta kudu, tafkin Legas ta arewa.

Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi kwashe shara da gina magudanan ruwa da kula da bayan gida na jama'a. Barazanar teku kuwa ta fi ƙarfinsu tun asali. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka gina ganuwar duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa. Ganuwar ta tare yashin da igiyar ruwa ke turowa daga yamma zuwa gabas, sai gaɓar Bar Beach ta rasa mai ciyar da ita, teku ya yi ta cin ta shekara da shekaru. Ba majalisar ƙaramar hukumar da za ta iya tare wannan. Gwamnatin jiha da 'yan kasuwa ne suka cike wurin da yashi suka kafa Eko Atlantic, sa'an nan jiha ta jera duwatsu a gaɓar Lekki.

To, mene ne ya rage wa ƙaramar hukuma? Lambatu da juji. Mai karatu zai iya raina su, amma ambaliyar da ke shiga gidaje da damina sau da yawa ba daga teku take ba. Ruwan sama ne da ya rasa hanya, saboda ƙasar shimfiɗe take, an cike fadamu an yi gine-gine, leda da robobi kuma sun toshe kwatami. Har ila yau, wannan ɗin ma jiha ta karɓe mafi yawansa. Hukumar LAWMA, wadda tushenta ya faro a 1977, ita ke ba kamfanoni iznin kwasar shara, kuma jiha ce ta haramta mazubin abinci na soso a Janairun 2024.

A ganina, babbar asarar tana ga masu turin baro da 'yan bola-jari, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne. Su ne ke shiga lungunan da motar shara ba ta shiga, su tsince ƙarfe da roba kafin su kai ga ruwa. A 2018 jiha ta haramta kwasar shara da baro, bisa hujjar cewa wasunsu na juye ta a magudanai. Hujjar ba ƙarya ba ce, sai dai kansila da ya san unguwa shi ya fi cancanta ya yi musu rajista, ya nuna musu inda za su zuba.

A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Hukuncin bai taɓa dokokin jiha da suka ba LAWMA ikon shara ba.