NA JE KOGON DA AKE CE NA ASHABUL KAHFI NE



Tunda na sa hotunan tafiyata ta Turkiyya ake ta tambayata: Malam, da gaske ka ga kogon Ashabul Kahfi? To ga amsa.

Garin da na je shi ne Afasus, Turkawa na ce masa Efes, kusa da Salcuk a kudancin Izmir. A zamanin Rumawa babbar tashar jiragen ruwa ce. Yau kango ne. Titunan marmara na nan, ga fuskar ɗakin karatu na Salsus da aka gina a ƙarni na 2 Miladiyya, ga dandalin kallo mai ɗaukar mutum wajen 25,000. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne teku. Kogi ne ya yi ta kwaso laka yana cike tashar sannu a hankali, har ruwan ya ja baya da kilomitoci. Kasuwa ta mutu, mutane suka watse. Ɗakin gunkinsu Artemis kuwa, da ake lissafa shi cikin abubuwan mamaki bakwai na tsohuwar duniya, ginshiƙi ɗaya tak na tarar a tsaye. Irin wannan kallon ne Alƙur'ani ya yi ta kiran mu zuwa gare shi, mu yi tafiya mu ga ƙarshen waɗanda suka gabace mu.

Sai kogon. Yana gefen dutse bayan kangon, kuma abin da ke wurin ragowar coci ce ta zamanin Rumawa da kaburbura masu yawa. Wani ɗan'uwa cikin ayarinmu ya sunkuya zai ɗebi ƙasa don tabarruki. Na riƙe hannunsa na ce, Alhaji dakata, wa ya tabbatar maka nan ne? A Turkiyya kaɗai, Tarsus na cewa nasu ne, Afshin ma haka. A Jodan kusa da Amman akwai wani. Suratul Kahfi ta faɗi shekarun da suka yi, 309, ta faɗi yadda rana ke karkace musu, har karensu ta ambata, amma ba ta faɗi garin ba. Ibnu Kasir ya yi bayani a tafsirinsa cewa da sanin wurin na da amfani ga addininmu da an sanar da mu. Kuma ko da ya tabbata nan ne, ɗibar ƙasa ba ta da dalili.

Alhajin bai ji daɗi ba, gaskiya, ya ce ya riga ya yi wa tsohuwarsa alkawari. Muka wuce masallacin Isa Bey da aka gina a 1375, muka yi Azahar, na ce ya yi mata addu'a a sujada. A hanyar komawa ya saya mata busasshen ɓaure.

Wallahu A'alam.