Darasi: Fafitikar Masu Neman Jinsinsu da Abin da Ya Wajaba Mu Sani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.). Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa musulmi, ba a yanke hukunci a kan abu sai an san shi. Don haka za mu fara da tarihin wannan fafitika.

A da, dokokin Ingila da Amurka suna ɗaure mai luwaɗi. A ranar 28 ga Yuni 1969 ƴan sanda suka kai samame wata mashaya mai suna Stonewall a birnin New York, mutanen ciki suka yi turjiya, tarzoma ta ɗauki kwanaki. Daga nan ƙungiyoyinsu suka yi ƙarfi. Buƙatarsu ta farko ita ce a daina kama su da korar su daga aiki. A 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wannan hali daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa. Sannan batun aure ya biyo: Holand ta amince da shi a 2001, Afirka ta Kudu a 2006, Faransa a 2013, Kotun Ƙolin Amurka a 2015.

Amma ta fuskar shari'a, mazhabobi huɗu sun haɗu a kan haramcin luwaɗi da maɗigo, ƙissar mutanen Annabi Luɗu (A.S.) kuwa tana cikin Suratul A'araf da Suratu Hud. Aure ƙulli ne tsakanin namiji da mace, dokar majalisa ba ta canza wannan.

Sai dai shari'ar da ta haramta wancan ita ce ta haramta zalunci. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana mummunan zato da tonon asirin mutane. Aya ta 4 ta Suratun Nur ta yanke bulala 80 ga mai ƙazafi, malamanmu na Malikiyya kuma sun sanya jifan mutum da luwaɗi cikin ƙazafi. Wanda ya jefi yaro saboda muryarsa ko tafiyarsa ya ɓata masa suna har tsufa, kuma zai amsa a gaban Allah. Hukunci aikin alƙali ne, ba na taron unguwa ba. Wanda ya zo wa malami da damuwarsa, haƙƙinsa ne a rufa masa asiri, a yi masa nasiha da tausasawa.

Allah Ya kiyaye harsunanmu da hannuwanmu. Allah ne Mafi sani.