Wanda Ba Ya Cikin Ciniki: Darasi Domin Hakimai Da Malamansu

Sanannen abu ne ciniki na mutum biyu ne, mai saye da mai sayarwa. Wannan ya taya, wancan ya ce albarka, a ƙara, har a daidaita, dillali ya karɓi la'adarsa, kowa ya kama hanya da yardarsa. Masana tattalin arziki sun daɗe suna yabon wannan tsari, kuma da gaskiyarsu, gama babu ma'aikacin da zai zauna a ofis ya yanka wa kowane kaya kuɗinsa daidai kamar yadda kasuwa take yi. Amma akwai inda kasuwa take makancewa. Sau da yawa akwai mutum na uku, ba a taya da shi ba, ba a sallama da shi ba, alhali kuwa a kansa wani sashi na nauyin cinikin yake sauka.

A ɗauki misalin majemi. Kuɗin da yake sayar da kirgi ya ƙunshi kuɗin fata, da na bagaruwa, da ladan wahalarsa. Amma idan a rafi yake zubar da ruwan jima, to, masu ɗiba a gangare su ne za su sha wari, ko su yi tattaki zuwa rijiya mai nisa, kuma wannan wahala tasu ba ta cikin kuɗin kirgin. Watau kayan ya yi arahar da ba ta gaskiya ba, domin waɗansu ne suka cika ragowar kuɗin da lafiyarsu. Irin wannan asara ita ake kira illar gefe. Abin da ya yi araha kuwa saye ake yi da yawa, sai a ƙara yinsa fiye da kima, ɓarna ta ƙaru. Wannan shi ne gazawar kasuwa. Ba lalle ne majemin ya zama mugu ba. Lissafi ne bai cika ba.

Wanda ya shahara da bayyana wannan al'amari shi ne Arthur Pigou, shehin malami a Jami'ar Kembirij ta Ingila, cikin wani littafi da ya fitar a 1920. Ya kawo misalin tartsatsin jirgin ƙasa da ke ƙona dazuzzukan mutane a gefen dogo ba a biya su ba. Shawararsa ita ce hukuma ta aza wa mai jawo illa haraji gwargwadon illar, ta kuma tallafa wa wanda aikinsa yake amfanin waɗansu.

Abin da ya auku a birnin Landan a 1952 ya isa ya nuna cewa maganar ba ta makaranta kaɗai ba ce. A wancan zamani kusan kowane gida da kwal yake ɗumama ɗaki, masana'antu da tashoshin lantarki su ma shi suke ƙonawa, kuma yawancin wanda talakawa suke samu mai araha ne, mai yawan farar wuta. A farkon watan Disamba sanyi ya tsananta, kowa ya ƙara wuta, iska kuwa ta tsaya cik. Hayaƙi ya rasa hanyar tashi, ya gauraya da raɓa, ya lulluɓe birnin tun daga ran 5 ga wata har ran 9. Wanda ya san hazon hunturu ya ɗan san kamarsa, sai dai wannan baƙi ne, mai shaƙe numfashi, har a waɗansu unguwanni mutum ba ya ganin ƙafarsa. Motocin haya suka daina tafiya. Waɗansu shanu da aka kawo nunin dabbobi suka shaƙe suka mutu. Ƙidayar farko ta nuna mutum wajen 4,000 sun rasu, yawancinsu tsofaffi da masu ciwon ƙirji, binciken da aka sāke yi a farkon shekarun 2000 kuwa ya kai adadin wajen 12,000.

To, wa za a kama? Kowane magidanci ya sayi kwal ɗinsa da kuɗinsa na halas, ya hura wuta don 'ya'yansa su ji ɗumi. Da mutum guda zai kashe tasa wutar, da ya kwana da sanyi a banza, hayaƙin gari bai ragu da komai ba. Saboda haka ba wanda ya daina, ko da shi ke kowa yana cutuwa. Sai da majalisar ƙasar ta kafa dokar tsabtace iska a 1956, wadda ta ba hukumomin garuruwa ikon keɓe unguwannin da ba a yarda a tayar da hayaƙi ba, aka kuma taimaki magidanta da kuɗi don su sāke murhu. A lura da wannan na ƙarshe. Hani kaɗai ga talakan da sanyi ya dama ba ya tasiri, sai an nuna masa abin da zai koma.

Amma ba kowace illar gefe ce take bukatar doka daga sama ba. A 1960 wani masani Bature mai suna Ronald Coase ya kawo misalin da kowane hakimi ya fi shi saninsa, watau shanu da gona. A ce ɓarnar da shanu suke yi wa manomi a shekara ta kai buhu biyar na dawa, shinge kuwa buhu biyu zai ci. In shari'a ta ce makiyayi ne zai biya diyya, shi da kansa zai ga gara ya yi shingen. In kuwa ta ce manomi ne zai tsare gonarsa, shi ma shingen zai yi. Ko ta wace hanya an kai ga magani mafi sauƙi, bambancin kawai aljihun da kuɗin zai fito, ko da yake wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai aljihun. Sai dai sharaɗi biyu ne. Na farko, a san haƙƙin kowa sarai, a san inda burtali ya bi da inda gona ta tsaya. Na biyu, masu maganar su zama kaɗan, su iya zama a zaure ɗaya. Inda aka nome burtali, ko aka shigo da garke da dare aka wuce kafin gari ya waye, sulhu ba shi da wurin tsayawa. Mutanen Landan kuwa miliyoyi ne, ba zauren da zai ɗauke su.

Kada kuma a ɗauka kasuwa kaɗai ke mantuwa da mutum na uku. Aikin gwamnati ma yakan yi haka. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Birnin Kano ya sami ruwan sha, manoman Kadawa da kewaye suka sami noman rani, wannan alheri ne da ba mai musunsa. Amma ambaliyar da kan cika fadamun Haɗeja da Nguru kowace damina ta ragu, ita ce kuwa abin dogaron masu shinkafa da masunta da makiyaya a can. Ruwan da ake saki rani da damina ya ba kachala dama ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa. Masanan da suka auna lamarin a shekarun 1990 sun tarar cewa abin da mutanen fadama suka rasa ya fi abin da aka samu a gonakin ban ruwa na sama.

Akwai kuma amfanin gefe, wanda shi ma kasuwa ba ta biya. Mai shanu da ya kai garkensa rigakafi ya tsare na maƙwabcinsa, amma maƙwabcin ba ya ba shi ko anini. Don haka in an bar kowa da ra'ayinsa, rigakafin da za a yi ba zai kai yadda ake bukata ba. Shi ya sa yaƙi da ciwon bushiya ya zama na hukumomi. An fara babban gangami a 1962 a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Cadi, ciwon ya ja baya ƙwarai. Da aka yi sakaci, sai ya dawo a farkon shekarun 1980 ya yi wa garkunan Nijeriya mummunar ɓarna. Sai a 2011 aka tabbatar an kawar da shi daga duniya baki ɗaya.

Abin da ya shafi hakimi a nan shi ne, mutum na uku yawanci ba shi da murya. Mai neman fili don kafa injin niƙa, ko majema, ko wurin wanke ma'adini, zai zo da kansa, da takardarsa, da mai yi masa magana. Matar da ke ɗiban ruwa a gangare ba za ta zo ba, watakila ma ba ta ji labari ba. Ya kamata, kafin hakimi ya sa hannu a kan irin wannan roƙo, ya aiki dagaci ya gano inda ruwan wurin yake gangarawa, da inda iska take kai ƙura, da mutanen da ke zaune a can, a kuma kira mai unguwarsu a ji ta bakinsa.

Malamin hakimi kuwa, in ƙarar ɓarna ta zo, kada ya tsaya ga rubuta sunan mai ƙara da wanda ake ƙara. Ya rubuta ranar da abin ya faru, da girman wurin, da irin amfanin da aka rasa da kimarsa, da ko an taɓa kawo irin wannan ƙara daga wurin. Ƙara guda maganar mutum biyu ce, a sasanta su. In kuwa littafi ya nuna ƙara goma daga bakin rafi ɗaya cikin damina biyu, sai a haɗa su a takarda guda, a aika wa majalisar Sarki da ma'aikatar da abin ya shafa.