Ma'ana da Amfanin Kalmar Ingilishi ta "Elect" a Fagen Fassara

Kalmar "elect" aikatau ce da Ingilishi ya samo daga "eligere" ta harshen Latin, wadda ke nufin ware wani abu daga cikin 'yan'uwansa. A yau an fi amfani da ita da ma'anar ɗora mutum kan muƙami ta hanyar jefa ƙuri'a. Daga tushenta ne aka samu "election", wato zaɓe, da "electorate", wato jama'ar da suka cancanci jefa ƙuri'a.

Matsalar mai fassara ita ce, kalmar "zaɓa" ta Hausa ta fi "elect" faɗin ma'ana. Bahaushe yakan zaɓi zane a kasuwa, ya zaɓi miji ga 'yarsa, ya kuma zaɓi ɗan majalisa, duk da kalma ɗaya, alhali Ingilishi yakan ware "elect" ga na ƙarshen. Haka nan masu zaɓen sarki sukan zaɓa, gwamna ya naɗa, ba tare da talakawa sun jefa ƙuri'a ba. Saboda haka, duk inda ake gudun ruɗani, wajibi ne a fito da ƙuri'ar fili. Misali:

He was elected, not appointed.
Da ƙuri'a aka zaɓe shi, ba naɗa shi aka yi ba.

Ita kanta "ƙuri'a" ararriya ce daga Larabci, kuma asalinta na nufin fitar da rabo ta hanyar sa'a, ba ƙidayar ra'ayin jama'a ba.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne idan kalmar ta biyo bayan suna, kamar a "president-elect". A nan tana nufin wanda ya ci zaɓe amma ba a rantsar da shi ba tukuna. An bayyana Bola Tinubu a matsayin wanda ya lashe zaɓe ranar 1 ga Maris, 2023, amma bai karɓi mulki ba sai 29 ga Mayu. A tsakanin nan Muhammadu Buhari ne ke riƙe da mulki, kuma shi ma zaɓaɓɓe ne. Ke nan "zaɓaɓɓen shugaban ƙasa", da ake yawan ji a rediyo, ba ta bambance mutanen biyu ba. "Shugaban ƙasa mai jiran gado" ta fi fayyacewa, duk da cewa akwai ƙanshin sarauta a cikinta.