Yadda Ake Sabunta Katakon Tsohuwar Rediyo

A wasu gidajen Samaru da Sabon Gari a Zariya, har yanzu ana ajiye da rediyoyin katako irin su Grundig da Philips, na zamanin da aka buɗe Rediyon Kaduna a 1962. Gaggawa wajen gyara su kan jawo ɓarna.

1. A zare filogi, a ɗauki hoton ciki da waya, sannan mai gyaran rediyo ya fitar da injin. Kafasito kan riƙe wuta ko bayan an kashe.

2. A goge datti da tsumma mai ɗan laima. Inda fatar katakon ta ɗago, a sa gam a danne har ya kama.

3. A goga sanfefa mai lamba 220, sai 320, da hannu, ana bin layin katakon. Kaurin fatar sau da yawa bai kai milimita 1 ba, don haka injin guga zai cinye ta.

4. A shafa banish kaɗan-kaɗan sau 3, kowanne ya bushe tukuna.

Da hunturu a yi aikin cikin ɗaki mai iska, domin ƙura na manne wa ɗanyen banish.